Yadda muka tabbatar da sabon nau'in bakteriya daga kawar teku

Kawa, wato dabbar teku mai ɓawo biyu, tana cin abinci ne ta hanyar tace ruwan teku dare da rana, don haka duk bakteriyar da ke yawo a ruwan sai ta taru a sassan numfashinta, da hanjinta, da ruwan jininta. Fitar da bakteriya daga jikinta abu ne mai sauƙi, faranti ɗaya na abincin renon ƙwayoyi zai ba ka iri-iri. Inda aikin yake shi ne cewa ɗaya daga cikinsu sabuwa ce ga kimiyya. Mafi yawan abin da ke kama da sabo a makon farko, in aka bi diddiginsa, tsohon nau'i ne da ya sauya launi, ko kuma ƙwayoyi biyu ne a cakuɗe. Saboda haka muka tsara kowane mataki a kan neman hujjar da za ta mayar da tsatsonmu, wato zuriyar ƙwaya ɗaya da muka ware, cikin wani nau'in da aka riga aka sani. Sai da hujjojin suka ƙare ba su mayar da shi ba, sannan muka fara zancen suna.

Mun ɗebi kawa masu rai kaɗai, waɗanda ɓawonsu ke rufe gam. Wadda ta buɗe baki, kuma aka ƙwanƙwasa ta ba ta rufe ba, ta mutu ko tana gab da mutuwa, bakteriyar ruɓa ta riga ta mamaye ta. Mun ɗauko su a akwatin sanyi tsakanin digiri 7 zuwa 10 a ma'aunin Salshiyos, da kwali tsakaninsu da ƙanƙara. Wannan kwalin yana da muhimmanci, domin bakteriyar jinsin Vibrio, wadda ta fi yawa a kawa, ba ta jure sanyi mai tsanani: wasu su mutu, wasu su shiga wani hali da suna raye amma ba za su tsiro a faranti ba. Ba a barin samfur ya wuce awa 24 kafin a fara aiki. A bakin ruwan ne ake rubuta wurin da lambobin taswira, da ranar, da zafin ruwa, da yawan gishirinsa, da nau'in kawar, da lambar izinin ɗiba. Wanda ya ɗauki izinin nan da wasa zai gane kurensa a ƙarshen aiki, lokacin da rumbunan ajiyar ƙwayoyi za su nemi takardun Yarjejeniyar Nagoya kan ɗibar albarkatun halittu na wata ƙasa, wadda ta fara aiki a 2014.

A ɗakin gwaji muka goge ɓawon da buroshi a ƙarƙashin famfo, muka shafe shi da etanol mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, muka bar shi ya bushe. Ana buɗe kawa ta wajen mahaɗin ɓawo da wuƙar da aka kashe wa ƙwayoyi, hannu cikin safar da wuƙa ba ta hudawa. Ba ado ba ne: Vibrio vulnificus tana shiga jini ta ƙaramin rauni, kuma tana kisa. Ruwan jinin kawa kuwa kafin a buɗe ta ake jansa. Ana ɗan fasa gefen ɓawo daura da tsokar da ke rufe shi, a soka allura mai lamba 23 cikin tsokar, a ja kamar rabin mililita a hankali. Sauran sassan muka raba su, na numfashi daban, na narka abinci daban, domin a ƙarshe dole mu faɗi takamaiman inda ƙwayar ta fito. Giram ɗaya na nama muka niƙa cikin mililita 9 na ruwan teku da aka dafa, sannan muka yi ta sirkawa sau goma-goma har hawa biyar. Ba a sirkawa da tataccen ruwa marar gishiri. Bakteriyar teku tana kumbura ta fashe a cikinsa, ka wayi gari da faranti fayau kana zaton kawar ce ba ta da komai.

Abincin reno uku muka zuba, duka a kan agar, wato sinadarin da ke daskarar da abincin a faranti. Na farko shi ne agar ɗin teku mai lamba 2216, wanda ya samo asali daga aikin ZoBell na 1941. A kowace lita akwai fefton giram 5, da tatsin yis giram 1, da gishiri giram 19.45, da agar giram 15, da sauran gishirorin teku, a ma'aunin tsami na pH 7.6. In garin kamfani ne, giram 55.1 ake auna wa lita, a tafasa, a dafa a tukunyar tururi a digiri 121 na minti 15. Zai yi ɗan gari-gari a ƙasa, haka yake, sai a riƙa jujjuya kwalbar ana zubawa. Na biyu shi ne TCBS, mai zaɓar Vibrio, wanda tafasawa kawai ake yi, tukunyar tururi tana lalata shi. A kansa masu cin sukuros, irin su Vibrio alginolyticus, suna fitowa ruwan ɗorawa, waɗanda ba sa ci, irin su Vibrio parahaemolyticus, su fito kore. Na uku agar ɗin teku ne da aka rage wa abinci zuwa kashi ɗaya cikin goma, saboda masu tsiro a hankali waɗanda masu haɗama ke dannewa.

Maikirolita 100 muka baza a kowane faranti, muka rena a digiri 20 zuwa 25. Digiri 37 na bakteriyar jikin mutum ne, da yawa daga na teku ba sa tsiro a can sam. Farantin da ya yi amfani shi ne mai koloni 30 zuwa 300, wato ɗigo-ɗigon da kowannensu ƙwaya ɗaya ce ta hayayyafa ta zama shi. Babbar matsala a nan ita ce Vibrio alginolyticus, wadda ke malala a kan agar mai danshi ta rufe faranti cikin dare guda. Maganinta a busar da farantai sosai kafin shuka, a ƙara agar zuwa kashi 2 cikin ɗari, a kuma duba da wuri a tsince koloni kafin malalar ta iso su. Farantai masu ƙarancin abinci mun bar su har mako biyu, a naɗe don kada su bushe.

Tsarkakewa ita ce matakin da aka fi yi wa gaggawa, kuma ita ce ke rushe aiki daga baya. Kowane koloni mun ja shi a sabon faranti aƙalla sau uku a jere, kowane karo daga koloni guda da ya ware shi kaɗai, kuma a kan agar ɗin teku, domin TCBS yana danne wasu ƙwayoyin ba tare da ya kashe su ba, sai su biyo ka a ɓoye. Bayan haka muka yi rinin Gram, mai raba bakteriya gida biyu, masu riƙe shi da waɗanda ba sa riƙewa, muka duba a maikiroskof ko siffa ɗaya ce. Mun ƙara da gwajin KOH mai ƙarfin kashi 3: in aka cakuɗa koloni a ɗigonsa ya yi yauƙi yana jan zare, ƙwayar ba ta riƙe rinin Gram. Gwajin oksidas kuma da tsinken katako ake yin sa, wayar nikirom tana ba da amsar "eh" ta ƙarya. A ranar da tsatso ya tsarkaka, a ranar muke adana shi cikin giliserol kashi 20 a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili, kwalba da yawa. Vibrio ba ta daɗewa a faranti cikin firji, kuma yawan dasawa daga faranti zuwa faranti yana sauya mata hali.

Daga nan sai tankaɗe. Na'urar MALDI-TOF, mai gane ƙwaya ta tsarin furotin ɗinta, ta fitar mana da sanannu cikin sauri: maki 2.0 zuwa sama yana nuna nau'i, 1.7 zuwa ƙasa da 2.0 jinsi kawai. Amma ma'ajiyar bayananta ta fi cika da ƙwayoyin asibiti, saboda haka in ta ce ba ta gane ba, wannan ba ya nufin an samu sabo. Waɗanda suka rage muka karanta musu ƙwayar gado ta 16S rRNA, wadda kowace bakteriya ke da ita, ake kwatanta nau'o'i da jerin harufanta. Mun ninka ta da PCR, hanyar kwafar DNA a bututu, da firaima 27F da 1492R, gajerun DNA masu nuna farko da ƙarshen wurin da za a kwafa: digiri 95 na minti 5, sai zagaye 30 na daƙiƙa 30 a digiri 95, daƙiƙa 30 a 55, daƙiƙa 90 a 72, a rufe da minti 10 a 72. A jel ɗin agaros na kashi 1, layi guda ake so wajen harufa 1,500, kuma bututun da ba a sa wa DNA ba ya fito babu komai. Karatu ɗaya na hanyar Sanger harufa 700 zuwa 900 masu kyau yake bayarwa, don haka sai an karanta ta kai da gindi da tsakiya kafin a haɗa jeri mai harufa 1,400 ko fiye.

Da tsatson ma'auni kaɗai ake kwatanta jerin, wato tsatson da aka ɗora sunan kowane nau'i a kansa. GenBank, babbar ma'ajiyar jerin DNA ta jama'a, cike take da jerin da aka raɗa wa sunan da ba nasu ba, shi ya sa muka yi amfani da ma'ajiyar EzBioCloud. Ƙa'idar kamar jeri biyu ta taɓa zama kashi 97 tun 1994, aka ɗaga ta zuwa 98.7 a 2006: in kamar ta gaza haka, akwai kyakkyawan zaton sabon nau'i ne. Sai dai ƙa'idar gefe ɗaya take aiki. Namu tsatson ya faɗa cikin rukunin Splendidus na Vibrio, da kama sama da kashi 99 da nau'o'i da yawa lokaci guda, cikinsu har da Vibrio crassostreae da Vibrio gigantis, waɗanda su ma daga kawa aka fara samo su. A wannan rukuni 16S ba ta raba gardama, domin nau'o'in da kowa ya yarda daban suke ma haka suke kama da juna. Kama da wane ba wane ba ne. Ƙari a kan haka, Vibrio tana ɗauke da kwafin 16S da yawa, galibi takwas zuwa sama, kuma ba duka suke daidai ba, sai ka ga tsini biyu a wuri ɗaya a takardar karatu. Mai gaggawa zai ce gurɓata ce ya watsar, ko ya ce bambancin kwafi ne ya wuce alhali gurɓatar ce. Sake jan koloni da sake karatu ne kaɗai ke bambance su.

A da, mafita a Vibrio ita ce karanta ƙwayoyin gado takwas na ayyukan yau da kullum na ƙwaya: ftsZ, gapA, gyrB, mreB, pyrH, recA, rpoA da topA. Har yanzu hanya ce mai kyau ta tace tsatso masu yawa. Mu dai mun tafi kai-tsaye ga dukan kundin gado, wato jinom, domin a can hukuncin yake.

Ingancin DNA shi ne rabin aikin. Mun ɗebi ƙwayoyi daga romon reno suna tsakiyar girma, muka wanke su da ruwan gishiri. Bakteriyar teku da yawa suna fitar da yauƙi mai sukari wanda ke bin DNA, alamarsa ita ce rabon hasken da DNA ke sha a nanomita 260 da 230 ya faɗo ƙasa da 2.0 sosai, kuma wanki da CTAB yana cire shi. Rabon 260 da 280 ya tsaya tsakanin 1.8 da 2.0. Yawan DNA da na'urar Qubit muka auna, domin ma'aunin haske yana haɗawa da RNA ya ƙara lissafi. Mun haɗa gajeren karatu na Illumina da dogon karatu na Nanopore. Wanda za a yi wa dogon karatu ba a girgiza shi da inji, yana kakkaryewa. Gajeren karatu shi kaɗai yana tsinkewa a duk inda kwafin 16S yake, ya bar ka da gutsattsari, dogon ne ke ɗinke su. Mun haɗa da manhajar Unicycler, muka samu abin da ake tsammani ga Vibrio: kuromosom biyu masu da'ira, babba da ƙarami. Ƙa'idojin da aka fitar a 2018 sun nemi a karanta kowane wuri ninki 50 aƙalla. Manhajar CheckM ta auna cika da gurɓatar jinom, kuma ga tsarkakken tsatso gurɓata ya kamata ta kusa sifili, duk da cewa iyakar da aka saba karɓa kashi 5 ce. Akwai wani ƙaramin bincike da bai kamata a tsallake ba: a ciro 16S daga cikin jinom a gwada ta da wadda aka karanta tun farko. In ba su dace ba, an musanya kwalba a wani wuri, jinom ɗin wata ƙwaya ce ke hannunka.

Ma'auni biyu ne ke yanke hukunci. ANI yana auna matsakaicin kamar harufa a sassan da jinom biyu suka yi tarayya, iyakar nau'i kuma kashi 95 zuwa 96 ce. Na biyu shi ne dDDH, lissafin kwamfuta da ya maye gurbin tsohon gwajin manna DNA da DNA, wanda kwamitin 1987 ya sa wa iyakar kashi 70. Mun lissafa shi a TYGS na cibiyar DSMZ, da dabarar da ba ta damu da tsawon jinom ba. Tsatsonmu ya faɗo ƙasa da iyakokin biyu da tazara mai kyau a gaban duk tsatson ma'auni na rukunin, alhali 'yan'uwansa da muka samo daga wasu kawa sun haura iyakar a tsakaninsu. Wannan na biyun ya fi kwantar mana da hankali. Ana karɓar bayanin nau'i da tsatso ɗaya, amma a ganinmu bayani ne mai rauni, domin ba za ka san wane hali ne na nau'in ba, wane ne na wannan tsatson kawai. Mun kuma tabbatar da BOX-PCR, gwajin da ke ba kowane tsatso zanen layukan DNA nasa, cewa 'yan'uwan ba kwafin juna ba ne.

Wanda lissafinsa ya faɗa tsakanin 94 da 96 yana da sauran aiki, domin ANI da dDDH kan saɓa a wannan tsakanin, kuma manhajoji daban suna ba da lamba daban da ɗan kaɗan. Can sai an dubi bishiyar dangantaka da halaye, a kuma yarda cewa mai yiwuwa reshe ne na tsohon nau'i. Tarko na biyu shi ne nau'in da ba ya cikin kwatancen. Mun bi jerin sunayen Vibrio a LPSN, kundin sunayen bakteriya na intanet, ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda aka buga kwanan nan, don kada a ce wani ya riga mu. Duk makusancin da tsatson ma'auninsa ba shi da jinom a bainar jama'a, sai ka sayo shi ka karanta da kanka. Bishiyar dangantaka kuma mun gina ta da manhajar IQ-TREE a kan ƙwayoyin gado 120 na ma'ajiyar jinom ta GTDB, da maimaici 1,000, kuma tsatsonmu suka tsaya a reshe nasu mai cikakken goyon baya.

Gwajin halaye ya fi komai cin lokaci. Mun yi odar tsatson ma'auni na makusanta mafi kusa, muka gwada su tare da namu a rana ɗaya, abinci ɗaya, zafi ɗaya. Kwafo halayensu daga tsofaffin takardu ba ya yi, domin sakamakon gwaji irin na arjinin a Vibrio yana sauyawa da hanyar da aka bi. Zafi mun gwada daga digiri 4 har 45. Gishiri daga sifili zuwa kashi 10 da ɗoriya, a romon tirifton da muka haɗa da kanmu, domin romon teku ya riga ya ƙunshi gishiri kusan kashi 2, ba za a auna sifili da shi ba. Tsami daga pH 5 zuwa 10, da sinadaran riƙe tsami irin su MES da HEPES da Tris da CAPS, kuma a sake aunawa bayan dafawa. A pH mai yawa gishirorin teku suna yin gari su gurɓata romo, ido ya ɗauka tsiro ne, saboda haka kowane bututu yana da abokinsa da ba a shuka ba. Faifan gwajin halaye na API 20E da 20NE da ZYM don ƙwayoyin asibiti aka ƙera su. Sai an ɗaga gishirin ruwan shuka zuwa kashi 1.5 ko 2, an rena a digiri 25, an ƙara lokacin karatu, in ba haka ba komai zai fito "a'a" saboda ƙwayar ba ta tsiro ba ne kawai. Mun ƙara da gwajin O/129, sinadarin da ke hana mafi yawan Vibrio tsiro, a maikirogiram 10 da 150, da narkar da sitaci, jelatin, kasin da Tween 80, da hoton wutsiyar iyo a maikiroskof mai aiki da lantarki. Halaye kaɗan ne suka raba namu da makusanta, kuma waɗanda duk tsatsonmu suka yi tarayya a kansu kaɗai muka sa a jadawalin bambanci.

Sinadaran kitse mun auna su da tsarin MIDI, daga ƙwayoyin da aka rena a yanayi ɗaya, domin zafi da shekarun koloni suna sauya su. Sun fito yadda aka san Vibrio, C16:1 da C16:0 da C18:1 a gaba, kwinon, sinadarin numfashin ƙwaya, kuma Q-8. Sun tabbatar da jinsi, ba su raba nau'i ba, kuma ba mu ɗora musu nauyin da ya wuce haka ba.

Suna ba ya tsayawa sai da ƙwaya mai rai da kowa zai iya nema. Tun 2001, dokar sunayen bakteriya ta ICNP ta wajabta ajiye tsatson ma'auni a rumbuna biyu a ƙasashe biyu daban, ba tare da sharaɗin da zai hana masu bincike samunsa ba. Akwai DSMZ a Jamus, CECT a Sifaniya, LMG a Beljiyam, JCM a Japan, KCTC a Koriya ta Kudu, da wasunsu. Rumbu yana rena ƙwayar, ya busar da ita ko ya daskarar, ya tabbatar ta farfaɗo kuma ita ce, sannan ya ba da takardar shaida. Watanni yake ɗauka, shi ya sa muka aika tun lokacin da lissafin jinom ya fito, ba mu jira gwajin halaye ba. Jinom da 16S kuma muka saka su a GenBank muka karɓi lambobinsu.

Sunan da Latinanci ake gina shi, kuma nahawunsa doka ne. Sunan Vibrio a Latinanci namiji ne, saboda haka sifar da za ta bi shi ta zama ta namiji, kamar splendidus ko lentus. Ana iya ɗauko shi daga dabbar da aka samu ƙwayar a jikinta, kamar Vibrio mytili na 1993 daga Mytilus, wata mai ɓawo biyu irin kawa, ko Vibrio tapetis na 1996 mai jawo cutar zobe ruwan ƙasa a ɓawon Ruditapes philippinarum, wata mai ɓawo biyu da a da ake kira Tapes. Mutum ba ya raɗa sunan kansa. Mun guji sunan da ke nuna kisa, irin na Vibrio ostreicida, wato mai kashe kawa, tunda ba mu gwada hakan ba. Sai bayanin nau'in a hukumance: asalin suna, siffa, iyakokin tsiro, halaye, yawan harufan G da C a jinom, inda aka samo shi, lambobin rumbuna biyu da na GenBank, da harafin T a kan tsatson ma'auni. In an buga a mujallar IJSEM, sunan ya inganta da bugun. In a wata mujalla aka buga, sai an aika takardar da shaidun ajiya an saka sunan a jerin ingantawa na IJSEM, kuma ranar shiga jerin ce ake lissafi da ita in wani ya bayyana nau'in da wani suna.

Ko ƙwayar tana cutar da kawa, wannan tambaya ce daban da bayanin nau'i bai amsa ba. Samun ta a jikin kawa, ko da marar lafiya ce, ba hujja ba ce, haka ma ganin ƙwayoyin gado masu kama da na dafi a jinom. Sai an yi wa lafiyayyun kawa allurar adadin da aka ƙidaya a tsoka, ko an jiƙa 'ya'yansu a ruwan da aka zuba ƙwayar, tare da rukunin da aka yi wa ruwan teku zalla da rukunin da aka yi wa sanannen tsatso mai kisa, an ƙirga mace-mace kullum, sannan an sake fitar da ƙwayar daga waɗanda suka mutu an tabbatar da jerin harufanta cewa ita ce aka saka.